Gwiwar da Aka Kira Zazzaɓi

Daga:
Malam Abdussalam Audu Alelu,
Ladanin masallacin unguwa, Bayan Tasha,
Jega, Jihar Kebbi.

Litinin, 10 ga Fabrairu, 2025
(11 ga Sha'aban, 1446)

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Kula da Lafiyar 'Yan Wasa,
Hukumar Shirya Gasar Ƙwararru.

Ta hannun: Sakataren Kwamiti.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN ƘUNGIYAR ƘWALLON ƘAFA TA DAMISAR YAMMA BISA ƁOYE RAUNIN ƊAN WASANTA MAI LAMBA HUƊU, DA ROƘON A HANA SA SHI A WASAN RANAR 23 GA FABRAIRU, 2025

Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, tare da fatan Mai Girma da sauran 'yan kwamiti kuna cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin gabatar da kukana ga wannan ofis mai daraja.

Ni ne mai suna a sama, malamin makarantar firamare mai ritaya, ina noman albasa a ƙauyenmu na Alelu, kuma ni ke kiran salla a masallacin unguwarmu da ke Jega. Ina rubuto wannan takarda ne a matsayin mahaifin Waliyyu Abdussalam, mai tsaron baya, mai lamba huɗu a ƙungiyar Damisar Yamma. Ina roƙon Mai Girma ya lura da abu guda tun daga farko. Wannan yaro shi ne ɗana na fari, kuma a wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan farinsa. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa furta shi ba, ko a gaban mahaifiyarsa. Yau na rubuta shi da hannuna domin na san ofis ba ya aiki da kunya. Daga nan zuwa ƙasa zan riƙa cewa "yaron", ina fata za a yi mini uzuri.

Ƙorafina shi ne kamar haka:

1. A ranar Lahadi, 15 ga Disamba, 2024, a wasan da ƙungiyar ta buga a gidanta, yaron ya yi tsalle ya sa wa ƙwallo kai, ya dira a kan ƙafarsa ta hagu, gwiwar ta murɗe. Ban je filin ba, ban taɓa zuwa kallonsa ba, amma maƙwabtana da suka je sun shaida mini cewa a kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka fita da shi. Wannan abu ya faru a gaban jama'a da rana tsaka.

2. A ranar Talata, 17 ga Disamba, ƙungiyar ta fitar da sanarwa a shafinta, aka kuma karanta a shirin wasanni na rediyo, cewa ɗan wasan mai lamba huɗu "buguwa ce ƙarama ya samu, ya warware", kuma abin da zai hana shi wasa na gaba zazzaɓin cizon sauro ne. A ranar aka kawo shi gida a motar ƙungiya. Ranka ya daɗe, na yi jinyar masu zazzaɓi a gidana ba adadi, ni kaina na sha kwanciya. Ban taɓa ganin zazzaɓin da ya bar kai da jiki garau ya je ya tare a gwiwa guda ba. Gwiwar ta kumbura har wandonsa ba ya wucewa. Jikinsa kuwa babu zafi ko kaɗan, yana cin tuwonsa kamar kowa.

Direban da ya kawo shi ya isar mana da saƙon manajan ƙungiyar, Alhaji Ɗanlami, cewa duk wanda ya tambaya a ce zazzaɓi ne. Mai Girma ya san yadda dubiya take a wurinmu. Da labari ya fita a rediyo, 'yan uwa suka yi ta zuwa daga Alelu, daga Danwarai, har daga Jiga Makera inda dangin mahaifiyarsa suke. Wannan ta kawo ganyen da za a dafa a yi masa surace, wancan ya kawo lemo, wata gwaggonsa ta zo da gidan sauro sabo fil. Yaron yana kwance an rufe ƙafar da bargo, ana yi masa sannu, yana amsawa. Mahaifiyarsa Dije tana karɓar magungunan ciwon da ba shi yake yi ba, tana godiya. Mutanen da suka bar gonakinsu a lokacin ban ruwa suka zo don zumunci, mu kuma muka sallame su da ƙarya. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau ban daina jin nauyinsa ba.

3. A ranar Alhamis, 19 ga Disamba, motar ƙungiya ta dawo. Na ɗauka asibiti za a kai shi, sai na shiga na zauna a gaba ba tare da an gayyace ni ba. Maimakon hanyar asibiti sai muka ɗauki hanyar Aliero, zuwa gidan wani maɗori, Malam Rufa'i. Ba ni da abin cewa a kan maɗoran Aliero sai alheri, domin daga nesa ake kawo masu karaya garin su koma da ƙafafunsu. Abin da na lura da shi dai shi ne an cire tambarin ƙungiyar daga jikin motar kafin mu taso, kuma an ce yaron ya sa jallabiya.

Malam Rufa'i ya duba gwiwar, ya lallatsa, ya juya ta, yaron yana cije baki. Da ya gama sai ya dube ni, bai dubi direban ba. Ga kalmominsa kamar yadda ya faɗa: "Malam, wanga ba aikina ba na. Ƙashi lahiya lau shike, ciwon ga na jijiya na. Ku kai shi asibiti a yi mai hoto, kuma kar shi taka ƙwallo." Bai ɗaura kara ko ɗaya ba. Direban ya fita waje ya yi waya, ya dawo ya ce Alhaji ya ji, za a yi abin da ya dace. Har zuwa ranar da nake wannan rubutu, a iya sanina, ba a kai yaron ɗaukar hoto ba.

4. A ranar Lahadi, 5 ga Janairu, 2025, ƙungiyar ta sa shi a wasa, ya buga tun daga farko har ƙarshe. Rediyo ya yaba masa, aka ce zazzaɓi ya sake shi ya dawo da ƙarfinsa. Samarin unguwa suka zo ƙofar gidana suna murna. Ni ma da farko na yi hamdala, na ce wataƙila tsorona ne ya yi yawa.

Washegari da ya zo gida sai da aka kama shi ya sauko daga babur. Matarsa Mufida ce ta gaya wa mahaifiyarsa, ita kuma ta gaya mini, cewa kafin kowane wasa ana zuƙe ruwa daga gwiwar da sirinji, sannan a yi masa allurar kashe zafi. Tun daga ranar duk wasan da ya buga haka ake yi, kuma bayan kowane wasa kumburin yana fin na baya. Na tambayi maƙwabciyarmu Madam Charity, ma'aikaciyar jinya ce da ta daɗe a Jega, yaron a gabanta ya girma. Ta ce ita ba za ta yanke hukunci a kan abin da ba a ɗauki hotonsa ba, amma allurar kashe zafi ba ta warkar da komai, ɗauke wa mutum jin ciwo kawai take yi yana ƙara ɓarna bai sani ba. Ta ce gwiwar da ake yi wa haka tana iya kai inda ko aiki aka yi ba za ta koma daidai ba.

5. Ranka ya daɗe, wannan sakin layin shi ne ya fi yi mini wuyar rubutawa.

A ranar Juma'a, 10 ga Janairu, yaron ya je masallacin Juma'a. Gwiwar ba ta lanƙwasuwa, saboda haka da aka zo sujada da zaman tahiya sai ya miƙe ƙafar hagun a gefe, kamar yadda duk mai lalura yake yi. Wani matashi daga cikin masoyansa ya ɗauki hotonsa da waya bayan an sallame, ya sa a shafinsa yana tambayar me ya sami ƙafar mai lamba huɗu. Kafin la'asar an kira matashin, ya goge hoton. Kafin magariba Alhaji Ɗanlami ya kira yaron ya ja masa kunne cewa daga yau, in ya zo gida, ya riƙa sallarsa a ɗaki, kada a ƙara ganinsa a sahu sai an ba shi izini.

Bangon masallacinmu da bangon gidana ɗaya ne. Lasifikar da nake kiran salla da ita tana kallon tagar ɗakinsa. Yaron nan tun yana ƙarami shi ke shimfiɗa tabarmi kafin in gama kira, kuma ko da ya zama ɗan ƙwallo, duk ranar da ya kwana a Jega yana sahun farko a bayan liman. Yanzu ina kira, mutane suna fitowa daga lungu-lungu, shi yana ɗaki ya tura ƙofa, yana salla a kan kujerar roba shi kaɗai.

Ba a daɗe ba magana ta fara yawo a unguwa. An ga babur ɗinsa a ƙofar gida, rediyo ya ce lafiyarsa lau, ga shi yana gudu a fili ranar Lahadi, amma ba ya zuwa jam'i. Me Mai Girma yake zaton mutane za su ce? Sun ce suna ya hau masa kai. Sun ce ƙwallo ta raba shi da salla. Wani dattijo abokin wasana ya tare ni a bakin masallaci a gaban jama'a, yana dariya, ya ce: "Ladan, kana kiran na nesa, naka na bayan bango ba shi ji?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Ba ni da amsar da zan ba shi wadda ba ƙarya ba ce, kuma ba tonon asirin yaron ba.

Ina so ofis ya fahimci cewa addininmu bai hana marar lafiya salla a zaune ba. A masallacinmu akwai tsofaffi masu salla a kan kujera a ƙarshen sahu, ba wanda ya taɓa ganin aibunsu. Babu abin kunya a ciwon gwiwa. Ƙungiya ce ta mayar da shi abin ɓoyo, har ta shiga tsakanin yaro da masallaci, wurin da ba ta da hurumi ko kaɗan.

6. A ranar Laraba, 22 ga Janairu, na tafi ofishin ƙungiyar da kaina. Alhaji Ɗanlami ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa aka kawo mini ruwa, ya yabi tarbiyyar da na ba yaron har na fara jin kunya. Da na kawo maganar hoto sai fuskarsa ta canza. Ya ce ƙungiya tana da masu kula da lafiya, sun duba, ba komai. Na nemi ganin wanda ya duba, aka ce ya fita. Na nemi a gaya mini sunan ciwon, sai ya miƙe ya raka ni bakin ƙofa, ya ce: "Malam, ku dai ku yi ta addu'a, ku bar muna aikinmu." Addu'a muna yi, ranka ya daɗe, ba mu taɓa jiran manaja ya tuna mana ba.

7. Dalilin wannan rufa-rufa, ban ji shi daga bakin hukumomin ƙungiyar ba, saboda haka ina gabatar da shi a matsayin zato. Yaron ya gaya wa mahaifiyarsa cewa wata babbar ƙungiya tana son ɗaukarsa, kuma wakilanta za su zo kallonsa a wasan ranar Lahadi, 23 ga Fabrairu. An gaya masa cewa in labarin gwiwar ya fita maganar ta rushe, kuma ba lalle a sabunta masa kwantiragi a nan ba. Ni manomin albasa ne, na san masu jera kyawawa a bakin buhu su tura masu taushi ƙasa. Ban taɓa zaton za a yi wannan ciniki da ƙafar mutum ba.

8. Ina kuma da dalilin zaton cewa wannan ɗabi'a ba ta tsaya ga ƙungiya guda ba. Ranar da muka je gidan Malam Rufa'i na tarar da wani matashi zaune a zaure an ɗaure masa kafaɗa. Yaron ya gane shi, suka gaisa a kunyace. Sunansa Mas'ud, mutumin Maiyama, mai tsaron raga ne a wata ƙungiyar da ba zan ambata ba sai kwamiti ya buƙata. A makon da muka gan shi ɗin rediyo ya ce an ba shi hutu ne saboda hidimar iyali.

A ranar Asabar, 1 ga Fabrairu, na hau mota na tafi Maiyama na nemi gidansu. Na same shi a shagon mahaifinsa yana auna gero. Ya gaya mini cewa an mayar da shi raga kafin kafaɗar ta haɗe, ta sake gocewa, sai aka sallame shi bisa dalilin "raguwar ƙwazo". Babu inda aka rubuta cewa ya taɓa jin rauni, saboda haka babu wanda zai bi ya nemi haƙƙinsa. Ina tsaye wata mata ta nemi a sauko mata da wani abu daga saman kantar shagon, ya ɗaga hannun dama ya tsaya daidai kafaɗa, sai ya sa na hagu. Ya ce in kwamiti ya kira shi zai zo ya yi bayani. Na dawo Jega a ranar ban iya cin abinci ba, domin tsaran yaron ne.

9. Wajibi ne in sanar da Mai Girma cewa yaron bai goyi bayan wannan takarda ba. Mu ba ma zama mu yi doguwar hira da shi, al'ada ba ta ba mu wannan ba, yawanci ta bakin mahaifiyarsa muke magana. Amma a ranar Juma'ar da ta wuce, da ya ji ina shirin rubutu, ya zo da kansa ya same ni a zaure. Ya so ya durƙusa kamar yadda ya saba tun yana yaro, gwiwar ta ƙi. Sai ya tsaya a tsaye ya dafa bango, kansa a ƙasa, ya ce: "Baba, wasa guda na. In an ɗauke ni, can za su gyara min ita." Na ce na ji.

Na san idan kwamiti ya tambaye shi zai ce lafiyarsa lau. Ina roƙon kada a riƙe shi da laifi. Yaro ne da ya sha wahala kafin ya kai nan, yana ganin ƙofa ta buɗe masa, yana tsoron ta rufe. Na kuma san wannan takarda tana iya rufe masa ita, kuma yana iya daɗewa bai yafe mini ba. Na auna wannan, na yi istihara, na zaɓi ya yi fushi da ni yana tafiya da ƙafafunsa biyu. Mahaifiyarsa, wadda ita ma ba ta saba magana a kansa ba, da na karanta mata abin da na rubuta cewa ta yi in ƙara da nata: "Ni ba lamba huɗu na haihwa ba, yaro na haihwa."

Bisa ga abubuwan da na zayyana, ina roƙon wannan kwamiti mai daraja da ya dubi girman Allah ya yi waɗannan:

(a) Ya ba da umarnin gaggawa cewa kada a sa ɗan wasan mai lamba huɗu a kowane wasa, musamman na ranar 23 ga Fabrairu, har sai likitan ƙashi wanda ba na ƙungiyar ba ya duba shi, an ɗauki hoton gwiwar, an kuma gaya masa sakamakon a gaban wani nasa.

(b) Idan rauni ya tabbata, a tilasta wa ƙungiyar ta yi masa magani, a kuma hana ta sallamarsa ko musguna masa saboda wannan ƙorafi, domin ni na rubuta, ba shi ba.

(c) A sa ƙungiyar ta gyara sanarwarta ta ranar 17 ga Disamba a rediyon da aka karanta ta, ta faɗi sunan ciwon da yake damunsa, domin mutanen Jega su san abin da ya hana shi sahu.

(d) A gayyaci Mas'ud na Maiyama a saurare shi, a kuma bincika ko akwai wasu irinsa.

Ranka ya daɗe, ba na neman a gaskata ni don ina mahaifi. Na san za a nuna wa kwamiti hotunan atisaye, za a nuna yaron yana gudu yana tsalle, kuma allura tana iya sa haka. Idan wakilinku ya je sansanin ƙungiyar, ina roƙon ya je a ranar da ba ta wasa ba, ya dakata har lokacin azahar ya yi, ya bi sahu tare da 'yan wasan ko ya tsaya daga gefe. Ba sai ya tambayi kowa komai ba. Idan yaron ya yi sujada gwiwoyinsa biyu a ƙasa, ya kuma zauna tahiya a kan ƙafarsa ta hagu kamar yadda na koya masa, to na janye wannan ƙorafi gaba ɗaya, kuma zan je har ofis in ba Alhaji Ɗanlami haƙuri a gaban ma'aikatansa.

Watan azumi yana tafe, masallaci zai cika. Ban roƙi ya dawo sahun farko ba. Na riga na ajiye kujera guda a ƙarshen sahu, kusa da tsofaffi, ina jiran a ba shi izinin ya zo ya zauna a kai kowa yana gani.

Ina gabatar da wannan kuka cikin ƙanƙan da kai, tare da amincewa da adalcin Mai Girma. Allah ya taya ku riƙo, ya kuma tsare muku naku 'ya'yan.

Naku cikin ladabi da biyayya,

Abdussalam Audu Alelu,
Mahaifin Waliyyu.